ZAMAN DUNIYA IYAWA NE: Ɗan koleji da littafin kurakurai

Kowace shekara, lokacin da manoma ke noman fari, ana faɗin sakamakon jarrabawar birebe. Wasu yara su ci, su wuce lise. Wasu su faɗi. Wasu kuma su ci, amma karatun ya tsaya nan. Da yawansu sukan komo ƙauye da akwati cike da takardu, ba su san inda za su sa kansu ba. Iyayensu ma ba su san yadda za su yi da su ba. Yaro ya yi shekara 6 a lakwal, ya ƙara 4 a koleji. Hannunsa ya manta hauya, bakinsa ya saba da Faransanci.

Labarin wannan wata na irin wannan yaro ne. Garinsu wani ƙauye ne tsakanin Tasawa da Mayahi. Ba za a faɗi sunansa ba. Mutanen garin dai Mushe suke ce masa. Da fari ba'a ce, don yana sa wando mai kari da takalmi sau-ciki. Yau dattijo ne mai jikoki, sunan kuwa ya koma na girmamawa. Kafin ya kai nan, ya yi manyan kurakurai guda uku.

Kuskure na farko: zaman jiran aiki

Da Mushe ya samu birebe, bai yi kwana goma a ƙauye ba. Ya ce wa ubansa zai tafi Maradi neman aikin biro. Ya sauka gidan kawunsa, wani tela a bakin kasuwa. Ya rubuta takardun neman aiki, ya kai nan, ya kai can. Ko'ina ya je sai a ce masa ya komo gobe.

Da safe yana ƙofar biro, da marece yana wurin shan shayi da abokai. Kawunsa ya ce ya zo ya koyi ɗinki. Ya ce shi ba don keke ya yi karatu ba. Wani mai kanti ya nemi ya riƙa rubuta masa lissafi. Ya ce kuɗin sun yi kaɗan.

Damana ta sauka. Ubansa ya aiko sau biyu, a ce masa ya zo a yi shuka. Bai je ba. Tsohon ya sayar da akuya ya biya ƴan ƙwadago, don ƙannen Mushe ƙanana ne.

Da kaka ta wuce, kawunsa ya kira shi shago, ya ce: "Ɗana, tuwon gidan nan ba zai ƙare don kai ba. Amma ka duba. Shekara guda ke nan. Ba ka samu aiki ba, ba ka koyi sana'a ba, ba ka noma ko dami ɗaya ba. Wanda ka ke jira bai san kana jiransa ba. Wanda ke jiranka yana can ƙauye."

Mushe ya ji haushi. Kwana uku bai gai da kawunsa ba. Ran na huɗu ya ɗauki akwatinsa ya nufi tasha.

Neman aikin biro ba laifi ba ne. Kuskuren Mushe shi ne ya ɗauka aiki iri ɗaya ne a duniya, saura duk ƙasƙanci ne. Da ya koyi ɗinki yana jira, da bai komo gida hannu rabbana ba.

Kuskure na biyu: gona mai tsabta

Wannan ya faru shekara ɗaya kafin babban farin 1984. Ubansa ya yanka masa gamana a gefen gandu, ya ce ya gwada. Mushe ya yi niyya ya nuna wa gari abin da karatu ke yi.

Gonar ubansa cike take da sabara, da kalgo, da geza, da ƴan ƙananan gawo. A lokacin, mutane suna ce wa irin wannan gonar ƙazami. Mushe yana jin kunyarta. A cikin littattafai ya ga hoton gona shararra, layi-layi, babu ko kututture. Malaman gona na zamanin ma haka suke koyarwa, a tumɓuke kututtura don garmar shanu ta wuce. Saboda haka ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba.

Da bazara ya shiga sassabe. Ya sare sabara da kalgo ƙasa-ƙasa. Ya tara karan bara da ganye, ya cinna wuta. Ubansa ya zo ya tsaya, ya ce: "Kai yaro, ko ƙananan gawon nan ka bari." Mushe ya ce: "Baba, noman zamani ba haka yake ba." Tsohon bai ƙara magana ba. Ya saɓa sungumi ya wuce.

An yi ruwan shuka, Mushe ya shuka, hatsi ya tsiro gwanin kyau. Bayan kwana takwas hadari ya taso daga gabas. Iska ta riga ruwa zuwa, yadda ta saba. A gonar tsohon, sabara da kara sun tare ta. A gonar Mushe babu abin da zai tare ta. Rairayi ya yanke tsiron, ya binne saura.

Ya sake shuka. Iska ta sake binnewa. A shuka ta uku irinsa ya ƙare, sai da innarsa ta ba shi daga nata. Kafin hatsin ya nuna, ruwa ya ɗauke. Da kaka ya ɗaure dami 9. Ubansa, a fili daidai da nasa, ya ɗaure 30.

Mushe ya ce laifin iska ne. Ya ce irin ne ba shi da kyau. Ya ce ƙasar gamanar ce ta gaji. Bai ce laifinsa ba ne.

Sai ga 1984. Wanda ya ga wannan shekara ba ya mantawa. Ruwa ya ƙi, hatsi ya bushe tsaye, bisashe suka mutu. Nijeriya kuma ta rufe iyakarta tun watan Afrilu, hanyar ci-rani da ta fatauci ta toshe. Gonar tsohon ma ba ta ba da hatsin kirki ba. Amma tana da abin da ta Mushe ba ta da shi. Ɗiyan gawo da na kalgo sun riƙe awakin gidan har ruwa ya komo. Innarsa tana samun iccen girki kusa, har ta sayar da wani ta sayi tiyar hatsi. Gamanar Mushe kuwa ta zama fako da tudun rairayi.

Wani dare bayan sallar isha'i, Mushe ya je ya durƙusa gaban ubansa. Ya daɗe bai ce komi ba. Can ya ce: "Baba, na yi kuskure. Kun faɗa mini, ban ji ba."

Tsohon ya ce: "Gona ta riga ta yi maka faɗa, ni ba ni da abin ƙarawa. Gobe ka tashe ni da asuba."

Da gari ya waye suka je gamanar. Tsohon ya tone rairayi da ƙafa, ya nuna masa kututturen kalgo. Ga ƴan tofo kore-kore sun fito. Ya ce: "Ka sare kai, amma saiwa tana nan da rai. In ka ƙyale ta, za ta yafe maka."

Abin da tsohon ya sani, a waɗannan shekaru ne ya fara bazuwa cikin ƙasar Maradi. Wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Toni Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace bazara itatuwa ne masu tsohuwar saiwa a ƙasa. Shi ma kuskurensa ne ya koya masa. A watan Mayu na 1984 kuma, zamanin Shugaba Seyni Kunce, an yi babban taron ƙasa a Maradi kan yaƙi da hamada. Dabarar da ta yaɗu ita ce ake kira sassaben zamani.

Ga yadda ake yinsa. A kowane kututture a zaɓi rassa masu ƙarfi, daga biyu zuwa biyar. A yanke saura da wuƙa ko gatari mai kaifi. A rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawo. A riƙa komowa ana gyarawa, ana tsare su daga masu sara. Gawo kuwa abokin manomi ne, don da damana yake kaɗe ganye. Ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyensa taki ne, ɗiyansa abincin bisashe ne da rani.

Mushe ya bi wannan hanya. Abokansa sun yi masa dariya, suka ce ɗan koleji ya zama ƙazamin manomi. Shekara ta farko bai ga bambanci sosai ba. A ta uku, shuka ɗaya ta ishe shi. Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike sun duba hotunan da aka ɗauka daga sama. Sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun rayar da itatuwa wajen miliyan 200, a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Na gamanar Mushe suna ciki.

Kuskure na uku: bashin da ba a rubuta ba

Wannan shi ne mafi zafi, don ya taɓa mutuncinsa.

Bayan yunwa, garin ya kafa bankin cimaka, yadda garuruwa da yawa suka yi. Da kaka a sayi hatsi yana da araha, a ajiye. In damana ta yi tsakiya, rumbuna sun yi ƙasa, a sayar wa ƴan gari da sauƙin kuɗi. Aka zaɓi shugaba, aka zaɓi ma'aji. Magatakarda kuwa ba a yi gardama ba, Mushe ne, don shi ya iya rubutu. An ajiye buhu 50. Kowane buhu kilo 100 ne, wato tiya 40.

Mushe ya sayi kaye sabo, ya ja layi da kyau, yana rubutawa da Faransanci. Ranar sayarwa ba ya kuskure ko tiya ɗaya. Wahalar da dare take zuwa.

Baffansa ya zo, ya ce: "Ɗana, gidan babu ko ƙwaya. Ka sa a auna mini tiya 10, da kaka in biya. Kada ka rubuta, kada a ji." Abokinsa ya zo, matarsa ta haihu. Wata gwauruwa ta zo da marayu. Wani dangin yarinyar da Mushe ke nema ma ya zo. Kowa da dalilinsa, kuma dalilan gaskiya ne. Mushe ya ji kunya ya hana, ya ji kunya ya rubuta. Sai ya ce wa ma'aji ya buɗe, shi zai riƙe a ka. Ma'aji bai iya karatu ba, ya yarda da maganar mai karatu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da kaka aka sa ranar lissafi. Kwana biyu kafin ranar, Mushe ya zauna da kaye da fitila. Ya haɗa kuɗin da ke akwai da hatsin da ya rage. Buhu 3 ba su nan, wato tiya 120. Ya yi ta tuno sunaye. Ya tuno masu tiya 70. Saura 50 kuwa sun ɓace masa ƙaf.

Magana ta riga ta fita. A bakin rijiya ana cewa Mushe ya ci hatsin banki zai yi aure. Wani abokinsa ya zo masa da shawara, ya ce: "Kai ma ka cika tsoro. Rubuta cewa gara da ɓera sun ɓata buhu 3. Wa ya iya karanta kayenka a garin nan?"

Abokin bai yi ƙarya ba, babu mai iya karantawa. Mushe ya ɗauki alƙalami, ya ajiye. Ya tuna yadda ya ɗora wa iska laifi, da abin da wannan ya ja masa. Daren nan bai runtsa ba.

Da hantsi jama'a ta taru ƙofar mai gari, maza gaba, mata daga gefe. Aka ce magatakarda ya karanta lissafi. Mushe ya miƙe, muryarsa tana rawa, ya ce: "Ranka ya daɗe, buhu 3 sun ɓace, kuma a hannuna suka ɓace. Ban ci ba, ban sayar ba. Na ba da bashi da dare ban rubuta ba. Ma'aji ba shi da laifi, ni na sa shi ya buɗe. Na tuna masu tiya 70. Ba zan kira sunansu a nan ba, zan bi su gida-gida tare da shugaba. Saura 50 ni zan biya."

Wuri ya yi tsit. Sai hayaniya ta tashi. Wasu suka ce a tuɓe shi, wasu suka ce a kai shi gaban hukuma. Mai gari ya ɗaga hannu, ya ce: "Ɓarawo ba ya kawo kansa. Yaron nan ya yi wauta, ya kuma faɗi da bakinsa. Ya biya tukuna, sa'an nan a san abin yi."

Mushe ya sayar da ragonsa. Ya ƙara da kuɗin da ya tara na aure. Ya auno tiya 50 a kasuwa, ya zuba gaban shaidu. Cikin masu bashi, yawanci sun biya. Baffansa ya ce shi bai tuna an yi haka ba, sai da Mushe ya cika masa nasa. Iyayen yarinyar kuma ba su jira ba, suka ba da ita ga wani. Sai bayan shekara biyu Mushe ya yi aure.

Da ya gama biya, jama'a ta ce ya ci gaba da riƙon kaye. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi uku. Na ɗaya, lissafi zai koma da Hausa. Na biyu, ba a buɗe ma'ajiya da dare, ko don wa. Mai bukata ya zo da rana gaban mutum uku, a rubuta. Na uku, a zaɓi mutum biyu daga makarantar yaƙi da jahilci, namiji da mace, su riƙa karanta kayen da ƙarfi kowace Juma'a.

Ya ce musu: "Ran nan da na rubuta ƙarya, da ba wanda zai gane. Wannan bai dace ba. Kada ku sake barin dukiyarku a hannun mutum ɗaya, ko da ni ne."

A ranin nan ɗalibai suka ƙaru a makarantar manya ta garin. Ma'aji ne ya fara zuwa ya rubuta sunansa.

Littafin kurakurai

Tun daga lokacin Mushe ya keɓe wani kaye nasa na kansa. Kowane shafi ya raba shi gida uku. Gida na farko: abin da na yi. Na biyu: abin da ya biyo baya. Na uku: abin da zan yi nan gaba. Bai daina kuskure ba, don mai rai ba ya dainawa. A ciki akwai shekarar da ya sayar da wakensa duka da kaka, farashi ya ninka da rani. Akwai shekarar da ya ƙi kai awakinsa allura, ciwo ya kashe huɗu. Akwai ranar da ya yi wa matarsa faɗa gaban baƙi, alhali ita ke da gaskiya. Abin da ba ya ciki shi ne kuskure ɗaya sau biyu.

In wani ɗan koleji ya komo garin yana ɗaga kafaɗa, Mushe ba ya yi masa wa'azi. Yakan kira shi gindin gawo, ya miƙa masa kayen, ya ce ya karanta masa, wai idonsa ya yi rauni.

Abin lura

Ga samari masu komowa daga koleji: karatunku ba banza ba ne. Da karatu Mushe ya gano giɓin lissafi, da shi ya gyara bankin garinsu. Amma takardar birebe ba ta san halin iskar garinku ba. Tsofaffi sun sani. Mai tambaya ba ya ɓata. In kuskure ya auku, a faɗe shi da wuri, a biya abin da ya ɓata, a nemi hanyar da ba zai komo ba. Wanda ya ɗora wa iska laifi, baɗi ma iska tana nan tafe.

Ga iyaye: ku dubi yadda uban Mushe ya yi. Ƙaramin fili ya ba shi ya gwada, bai ba shi gandu duka ba. Ya yi masa gargaɗi sau ɗaya. Da yaron ya zo da kansa, bai yi masa gori ba, ya nuna masa inda gyara yake. Yaron da ake yi wa dariya in ya faɗi laifinsa, gobe ɓoyewa zai yi.

Ga masu koyon karatu: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bashi ko na tiya ɗaya ne, a rubuta, da suna da rana. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke tsare zumunci.

Tambayoyin tattaunawa a makaranta

1. Cikin kurakuran Mushe guda uku, wanne ya fi yi masa tsada? Don me?

2. Buhu ɗaya tiya 40 ne. In buhu 3 sun ɓace, aka gano tiya 70, tiya nawa suka rage?

3. A garinku, wa ke riƙe da kayen ƙungiya? Mutum nawa ne suka iya karanta shi?

Wanda ke da labarin kuskuren da ya koya masa hankali, ya rubuto wa jarida da hannunsa. In ba ya so a sa sunansa, ba za a sa ba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.